Kurakuran da aka fi yi wajen tantance burbushin Mucrospirifer

Mucrospirifer mucronatus ƙaramar halittar teku ce daga rukunin brakiyofod, ta rayu a zamanin Debon, kimanin shekara miliyan 385 da suka wuce. Ana yawan tsintar burbushinta a jihar Niyok ta Amurka da lardin Ontariyo na Kanada.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga ɓawo biyu a manne, sai a jefa ta cikin dangin katantanwa masu ɓawo biyu. Ba danginsu ɗaya ba. Waɗancan, ɓawon dama da na hagu ne suke kama da juna. Ita kuwa brakiyofod ɓawonta biyu sun bambanta: ɗaya ya fi girma, bakinsa ya ɗan lanƙwaso. Ɗauki ɓawo guda ka ja layi a tsakiyarsa daga baki zuwa gefen da ke fuskantarsa. In ɓarin dama ya yi daidai da na hagu, brakiyofod ce a hannunka.

Sai rikita ɓawon biyu. Mai kwari a tsakiya shi ne na ƙasa, wanda ya fi girma. Mai tudu shi ne na sama.

Inda har ɗaliban da suka ɗan ƙware ke tuntuɓe shi ne dogaro da fikafikai. Gefunan ɓawon suna miƙewa su yi tsini kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, amma tsinin nan siriri ne, yawanci a karye ake samunsa, kuma tsawonsa na sauyawa yayin da halittar ke girma. Mutum sai ya ga guda mai guntun gefe ya ce ai sabon jinsi ne. Ina! A duba layukan girma da ke kan ɓawon, su za su nuna yadda gefen yake tun tana ƙarama. Ƙari a kan haka, akwai brakiyofod da ba su haɗa dangi ba amma kamanninsu na waje ɗaya. Shi ya sa masana ke yanka burbushin siri-siri su duba ciki, inda ake samun murɗaɗɗun sanduna biyu da ke riƙe gaɓar tace abinci. Da irin wannan ake kafa hujjar sanya ta cikin rukunin brakiyofod da ake kira Spiriferida.

A kula da tsofaffin littattafai ma. Da, kashi biyu ake raba brakiyofod, Articulata da Inarticulata. Tun 1996 aka koma uku, Mucrospirifer na ƙarƙashin Rhynchonelliformea.

Kada kuma a rubuta cewa brakiyofod duka sun ƙare. Mucrospirifer ta ɓace, amma Lingula, wata brakiyofod, na nan da ranta cikin teku.