Gaton firez (ɗan itacen nan ja, strawberry) da fromaj (cuku) ba tare da ya tsage ba

Ƴan uwa mata, fromaj mai laushi yana wuyar samu a Damagaram, to ga dabara. A zuba kindirmo lita 2 a tsumma mai tsabta, ya kwana a firigo yana tsiyaya. Da safe za a tarar ya yi kauri kirtif. A haɗa da ƙwai 3, sukari giram 150, garin masara cokali 2, a juye bisa dakakken biskit da man shanu. A gasa a wuta digiri 160, minti 50. Ni tukunya da yashi nake yi bisa gawayi, kaɗan-kaɗan.

Kar a saka firez cikin ƙullun! Ruwa yake saki, nawa na farko caɓewa ya yi. Sai gaton ya huce sarai a jera firez a sama.