Wasa da yara a cikin gida lokacin hunturun Ingila

A watan Disamba, rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Yaro zai dawo daga makaranta duhu ya kusa rufawa, ga sanyi, ga yayyafi, babu tsakar gida balle dandali. Idan ba a tanadar masa abin yi ba, waya ce za ta riƙe shi har barci.

Fara da sanin gidan da kake ciki. Idan akwai mutane a ƙasanku, a bar langa da tsalle-tsalle sai an je fili, domin ƙasan yawancin gidajen nan katako ne, dirin ƙafa kuwa kai tsaye yake sauka kan maƙwabci. Maimakon ƙwallo a hura balan-balan, a ɗaura zare tsakanin kujeru biyu, a riƙa buga shi da tafin hannu. Yaro zai yi gumi ba tare da an fasa komai ba. Balan-balan ɗin da ya fashe a tsince shi nan take, ƙanana na iya shaƙewa da shi.

Dara ta fi komai sauƙin haɗawa. Kiret ɗin ƙwai mai cin 30 gurbinsa biyar sau shida ne, daidai da na dara. Kowa ya ɗauki 'ya'ya 12, ɗaya murafun kwalba, ɗaya busasshiyar taliya. A jera ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a haɗa uku a layi lokacin jeri ba. Bayan nan ana matsawa gurbi guda, gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokin wasansa guda. Huɗu ba ci ba ne. Inda akwai ɗan ƙasa da shekara uku a yi ta a kan tebur, don komai baki yake kaiwa.

Ga ƙanana, a kwaɓa musu ƙullun wasa: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man girki cokali 2, ruwan ɗumi kusan kofi 1 da aka ɗiga wa kalar abinci. A zuba ruwan kaɗan-kaɗan. In yana manne wa hannu ruwa ya yi yawa, a ƙara fulawa; in yana tsagewa a jiƙa hannu a sake murzawa. Gishirin ne ke hana shi saurin lalacewa, shi ne kuma ya sa ba a barin yaro ya ci. A shimfiɗa leda tukuna. In ya faɗa kan kafet kada a sa ruwa, a bari ya bushe a kankare, domin tabo na iya jawo mai gida ya zaftare kuɗin ajiyar haya. A adana ƙullun a roba mai murfi cikin firji.

Bayan isha'i a rufa bargo kan teburin cin abinci, nesa da hita, a shiga ciki da tocila, uwa ko uba ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaron da ya yini yana Turanci zai iya amsawa da Turanci. Kada a tsawata masa. A maimaita abin da ya faɗa da Hausa, a ci gaba da labarin Gizo da Ƙoƙi, a tsaya a tsakiya a tambaye shi me yake jin Gizo zai yi.