Yadda za ka tara kalmomin Faransanci daga labarin tasowar yaro

Bara wajen watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke sa mutum ya tsani ko rigar jikinshi, ƙanwata mai shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej ta kawo min wani kaye cike da kalmomin Faransanci, shafi goma sha wani abu, kowace kalma da fassararta a gaba kamar littafin bashin mai kanti. Ta ce Yaya wallahi na haddace su tas amma in na zauna redaksiyo ko ɗaya ba ta zuwa min. Na ce ina kika kwaso su? Ta ce a ƙamus, daga harafin A ta faro. Na yi dariya har ta ji haushi, amma fa kaina nake wa dariya, don ni ma haka na yi lokacin ina lise, ko B ban gama ba na watsar.

Abin da na gano daga baya shi ne kalma ba ta zama a kai ita kaɗai, sai an haɗa ta da labarin da ta zo ciki. Kuma cikin littattafai ban ga wanda ya kai labarin tasowar yaro ba, irin wanda ake bin yaro tun yana wasan ƙasa har ya zama mutum ya bar gida. Dalili kuwa a fili yake, duk abin da yaron zai shiga kai ma ka shiga ko kana ciki, gida, lakwal, bulalar manya, gona, kaciya, soyayyar farko da ba a iya faɗa, ranar sallama da uwa. Ma'anar tana cikinka tun tuni, sunanta na Faransanci kawai ya rage maka. Sannan kalmomin suna ta dawowa, in ka rasa ta a shafi na 10 za ta tare ka a na 25.

Wanda na ba ta shi ne L'Enfant noir na Camara Laye, ɗan ƙasar Gini, da ya fito a 1953. Babi 12 ne, gajeru, kuma Faransancin ba mai karya haƙori ba ne. Yaron ɗan maƙeri ne a garin Kurusa, yana zuwa hutu ƙauyen kakarshi, daga nan karatu ya kai shi Konakiri, ƙarshe ya hau jirgi zuwa Faransa. In ba ka samu shi ba duk wani irinshi ya yi, tambayi mushenka na Faransanci ko ka leƙa wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ni dai na fi son na takarda a kan na waya, ko fotokofi ne, saboda fensir zai yi aiki, kuma in kuran ya tafi batirinshi ba ya mutuwa. Kafin ka ɗauka buɗe tsakiya ka karanta shafi guda, duk kalmar da ba ka sani ba ka lanƙwasa yatsa, in yatsun hannu biyu sun ƙare shafin bai ƙare ba, to ajiye shi tukuna, ya fi ƙarfinka a yanzu, ba abin kunya ba ne.

Karatun farko na babi, ƙamus a rufe. Nan ne mutane ke yin gardama da ni, amma gwada ka gani, in kana tsayawa kowane layi kana buɗe ƙamus ɗin Larousse kafin ka kai ƙasan shafi ka manta wa ke magana, ga barci. Bi labarin kawai, kalmar da ta tsaya maka ka ɗiga mata ɗigo da fensir ka wuce. Sai ka gama babin ka dawo kan ɗigogin, za ka tarar wasu sun warware da kansu don labarin ya riga ya faɗa maka. Cikin sauran ka zaɓi biyar, iyaka bakwai. Wadda ta fito sau biyu ko uku ita ce ta farko, sai wadda ka san za ka iya amfani da ita a zancen gidanku. Sunan wata bishiya da ta fito sau ɗaya kuwa, bar ta ta tafi da Allah.

To yanzu kaye. Kada ka rubuta kalma tsirara. In suna ce rubuta ta da le ko la ɗinta tun ranar farko, la forge, le soufflet, in kuma ta fara da wasali kamar enclume sa mata une, don l' ɗin nan yana ɓoye maka ko mace ce ko namiji, ranar dikte kuma ya kunyata ka. Ƙarƙashinta kwafe jimlar da ta zo ciki da lambar shafi. Kafin ka duba ƙamus rubuta abin da kake zato, ko ba daidai ba, don in ka yi zato ƙamus ya ƙaryata ka wannan kalmar ta zauna ke nan. Sai ma'ana, da Hausa, ba da wani Faransancin da shi ma sai an nemo ba. Na ƙarshe jimlarka ta kanka, a kan unguwar Birni ko Zango ko tsakar gidanku, ba a kan birnin Fari na Faransa da ba ka taɓa gani ba.

Wajen ma'ana da Hausar nan ne muka sha mamaki. Mun zo inda ake aikin zinariya a maƙerar uban, ƙanwata ta gane soufflet abin hura wuta ne, ta gane enclume ƙarfen da ake dukan ƙarfe a kai ne, amma da na ce to faɗi da Hausa sai ta yi zuru. Ni ma ɗaya na sani. Washegari da la'asar muka bi ta wajen wani tsoho maƙeri a bayan unguwarmu, muka gaisa, na ce Baba yarinyar nan ce ke son sunayen kayan aiki. Ya kalle ta ya ce ƴar boko, yau kuma ƙira za a koya? Ya nuna da baki, ga zugazugi, ga uwar maƙera, ya ɗaga masaba, ya miƙa mata awartaki ya ce riƙe ki ji nauyi. Yaronshi na gefe yana zuga, gawayi na yin ja yana lafawa. Tana tsugune tana rubutawa a gwiwa, hannu duk baƙi. Kalma huɗu ta je nema ta dawo da takwas, rabi Faransanci rabi harshen uwarta, kuma har yau ba ta manta enclume ba.

Daga nan sai ka riƙa kamo kalma da danginta. Yadda muke da ƙira, ƙera, maƙeri, maƙera, haka suke da forge, forger, forgeron. A babin girbin shinkafa za ka ga moisson, ga moissonner, ga moissonneur, girbi, girbe, mai girbi, ga faucille wato lauje, aikin kuma na gayya ne sak irin namu. Guda ka biya, uku ka tafi da su.

Akwai tarko biyu da nake so ka sani. Na farko passé simple, salon fi'ilin abin da ya wuce da marubuta ke ba da labari da shi amma ba wanda ke magana da shi a fada. Za ka ga il vint, il fut, il eut, je fis, ka ɗauka sababbin kalmomi ne alhali venir ne, da être, da avoir, da faire, sun canza riga. Ware musu shafin ƙarshe na kayenka, da ka tara kamar goma sha biyar sauran littafin zai yi maka sauƙi sosai. Na biyu, ma'anar farko a ƙamus ba lallai ita ake nufi ba. Concession a ƙamus za ta fara kai ka wajen sassauci da rangwame, a littafin kuwa gida ne mai ɗakuna da tsakar gida kamar yadda muke faɗa a nan. Case kuma ɗaki ne irin na ƙauye, ba gidan dara ba. Shi ya sa na ce a kwafe jimla.

Sai bita, wadda ita ce kowa ke gudu. Mantuwa ta fi sauri a kwanan farko, don haka duba kalmomin washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan sati, sai bayan wata. Rufe gefen Faransancin da hannu, kalli Hausar, ka faɗo da ƙarfi har da le da la. Minti goma ya isa, kafin shayi na biyu ya nuna ka gama. In kuna da fada ku mayar da shi wasa, wanda ya kasa shi zai wanke kofuna.

Mu abin da muka yi, duk babin da ta gama sai ta turo min vokal a WhatsApp na minti ɗaya, ta ba da labarin wani abu nata da kalmomin satin. Na babin ƙarshe, inda uwar ke kukan tafiyar ɗanta, labarin ranar da na tafi Yamai karatu ta bayar, yadda Inna ta ƙi raka ni gar ɗin mota ta shige ɗaki wai tana neman wani kwano. Kalma biyar ta sa, huɗu daidai, ta ce la départ maimakon le départ, na sa ta maimaita sau uku.