Tuƙi da tsallaka titi a Zariya: yadda za ka fita ka dawo gida lafiya

Duk wanda ya taɓa bi ta Kwangila da misalin ƙarfe huɗu na yamma ya san abin da nake nufi, tirela ta taho daga Kano, bas na sauke fasinja a tsakiyar hanya, 'yan acaba na kutsawa ta ko'ina, ga mata da goyo suna neman inda za su tsallaka. Shekaruna da yawa ina tuƙi a garin nan, kuma abin da na lura mutanenmu sun fi tsoron mai kaki fiye da tsoron hatsarin kansa, alhali mai kaki tara zai ci ka, hatsari kuwa ƙafa yake ɗauka ko rai.

Bari dai mu fara da masu kakin tunda su ne a zuciyar kowa. Ba ɗaya suke ba. Akwai 'yan sanda da masu ba da hannu, akwai 'yan Rod Sefti na tarayya da aka kafa tun 1988, su sun fi tsayawa a manyan hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Kano ko ta Funtua, sannan ga 'yan Kastiliya na jihar Kaduna da za ka fi gani a cikin gari. Kowanne ya ɗaga ma hannu, sa sigina ka gangara gefe ka tsaya inda ba za ka tare wa wasu hanya ba. Kar ka taka totur don Allah, ɓarna da yawa a nan take faruwa, direba ya firgita ya fizgi mota ya kwashe mai talla. Ka sauke gilas, ka yi sallama, "yallaɓai barka da aiki", ka miƙa abin da aka tambaya. In da dare ne ka kunna fitilar cikin mota su ga hannunka.

Takardun kuma ka haɗa su tun a gida cikin leda ɗaya: lasin ɗinka wanda bai mutu ba, na shekara 3 ne ko na 5 ka duba kwanan wata, takardar lasin mota, shaidar mallaka, ta lafiyar mota, sai inshora. Inshorar nan ta ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun fara bibiyarta sosai daga Fabrairun 2025. To wanda ya ce zai yi ma a dubu uku a gindin bishiya, takarda kawai ya buga ma, ana iya dubawa a intanet da lambar motarka a ga babu ita. A but kuma ka ajiye abin kashe gobara, da jan alwatikan nan da ake sawa a baya in mota ta lalace, da safaya taya mai iska da jak.

In an ce ka yi laifi ka tambaya cikin ladabi wane laifi ne, a rubuta ma takarda, ka je ka biya a banki ka riƙe rasit. Ni ban yarda da miƙa na goro ba gaskiya, yau ka ba da ɗari biyu ka wuce da birkin da ba ya ci, gobe birkin nan ne zai ci amanarka a gangara. In kuma ka ga zalunci ne tsantsa, kar ka tsaya cacar baki a titi, ka riƙe suna da lambar da ke ƙirjinsa da wurin da lokacin, ka kai ƙara ofishinsu.

Yanzu tuƙin kansa. A cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ne a awa, a babban titi mai hannu biyu ƙaramar mota 100, amma tsakani da Allah wa zai yi 50 a gaban kasuwar Sabon Gari ko a bakin get ɗin jami'a a Samaru lokacin da ɗalibai ke tashi? Wajen nan 20 ma ta isa. In ka zo shataletale irin na PZ, wanda ke ciki shi ke da hanya, wato mai zuwa ta hagunka, ka jira ya wuce, ba wai wanda ya fi danna hon ba. Bel ka ɗaura, waya ka ajiye, yaro ƙarami baya zai zauna ba a cinyar direba ba. Taya kuma ka duba gefenta akwai lambobi huɗu, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019 aka yi ta, 'yan Rod Sefti shekara 4 suke ba taya, kuma 'yar kwatano da ta tsufa ita ce take fashewa a zafin watan Afrilu kana tsakiyar gudu. Lokacin hazo ka kunna fitila ko da rana ne ka ba da tazara.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wanwe. Mutum don kar ya ƙara tafiyar minti biyu zuwa inda ake juyawa sai ya biyo hannun da ba nasa ba. Yaron maƙwabcina ɗan shekara 9 haka aka karya shi, an aike shi sayen kati, ya duba inda motoci ke tahowa kamar yadda aka koya mai, ashe wani mai mashin ya biyo ta baya, wata uku yana kwance kuma har yau in yana tafiya sai ka gane. 'Yan acaba da masu adaidaita, 'yan'uwana, na san neman halal kuke kuma mai ya yi tsada, amma man da za ka tsira da shi bai kai ƙafar ɗan wani ba. Hular kwano ma ku daina jin kunyarta.

Mai tafiya a ƙasa, mu a nan dama ake tuƙi tun 1972, don haka in babu wajen masu ƙafa ka bi gefen hagu yadda kana ganin motar da ke fuskantarka. Za ka tsallaka, ka duba hagu, dama, ka sake duba hagu, ko da titin da motoci ke tahowa ta gefe ɗaya kawai ne ka duba duka biyun saboda masu wanwen da na faɗa. Kar ka fito ta gaban bas da ta tsaya, mai obatekin ba ya ganinka. Kar ka gifta dab da hancin tirela, direban yana can sama ba ya hango abin da ke ƙasansa, kuma mota mai lodi ba ta tsayawa nan take ko ya taka birki har ƙasa. Ka cire abin kunne. Yaro ka riƙe shi a wuyan hannu ba a yatsu ba don zai iya fizgewa. Masu fita sallar asuba da isha, musamman dattawa, farin kaya ko 'yar tocila a hannu na sa direba ya hango ka tun daga nesa.

In kuma tsautsayi ya faɗa a gabanka, ka ajiye ɗaukar hoto ka kira 122 na Rod Sefti ko 112. A sa wani ya tsaya nesa kaɗan yana tsayar da motoci kar a ƙara kwashe masu taimako, a kashe injin, inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Wanda ke kukan wuya ko baya kar a ɗaga shi kamar buhu, mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a miƙe ɗaya na riƙe da kai, kar a ɗura mai ruwa, a wuce da shi asibiti mafi kusa, in abin ya yi tsanani sai asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.