Kafin ku ɗora aikinku a sabar aji

'Yan uwa ɗalibai, don Allah kada ku bari sai daren ƙarshe, lokacin da kowa ke rububin shiga har sabar, wato kwamfutar da ke karɓar aikin ta intanet, ta yi nauyi. Ku mayar da aikin PDF tukuna, domin fayil ɗin Word yakan hargitse a wata kwamfutar. A sunan fayil ku sa lambar rajista da ta kwas, ban da tazara da haruffa irin su ƙ da ɗ, don wasu sabobin ba sa karanta su daidai.

Idan ajinku na amfani da Moodle ne, wato manhajar karatu ta intanet, a wasu kwasa-kwasan aikin yana zama daftari har sai kun danna maɓallin miƙawa, kuma da yawa nan suke tuntuɓe. Bayan kun miƙa, ku sauke shi ku buɗe, sannan ku ɗauki hoton allon ku ajiye.