Idan Makin GMAT Bai Yi Kyau Ba: Matakan Neman MBA

1. Kada ka yi gaggawar tura sakamakon. GMAT jarrabawa ce da makarantu da yawa ke nema kafin su ba da gurbin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. A sabon tsarinta, mai maki daga 205 zuwa 805, sai ka ga makinka tukuna ka zaɓi makarantun da za a aika wa.

2. Duba inda aka kayar da kai. Sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi, fahimtar Turanci, da nazarin bayanai. A ganina lokaci ne ke cin yawancinmu, ba rashin sani ba, don haka riƙa gwaji da agogo a gabanka. Ana iya sake zama bayan kwana 16, amma kuɗin da dala ake biya, kada ka koma ba shiri.

3. Makarantu da yawa a Amurka da Ingila suna karɓar GRE, wata jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko, a madadin GMAT.

4. Gyara sauran takardunka. Shekarun da ka yi kana juya jari a Kasuwar Sheikh Gumi ko aiki a banki, rubuta su da alƙaluma. Nemi wasiƙar shaida daga maigidan da ya san aikinka.

5. Leƙa gida ma. KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) da ABU Zariya suna da MBA. Tanadi sakamakon digiri da takardar NYSC kafin a buɗe fom.