Kafin ku yi odar tufafi, ku duba ƙasar mai kayan

'Yan uwa, kafin ku biya kuɗin tufafi a intanet, ku duba Turancin wace ƙasa mai kayan yake yi.

A Amurka, "pants" dogon wando ne. A Ingila kamfai ake nufi, wando kuwa "trousers" suke ce masa. Haka "vest": singileti ce a Ingila, falmaran a Amurka. Kuɗin mayar da kaya daga Sakkwato zai iya fin kuɗin rigar kanta, shi ya sa nake jaddadawa.

Ku kuma nemi "cotton", wato auduga. Da zafinmu na Afrilu, "polyester" gumi kawai yake tara wa mutum.

Sai dai masu sayarwa daga Sin sukan cakuɗa kalmomin. Nan ku dogara da hoto, ku tambayi awon ƙugu da tsawo.